Shukar Gero a Fangalin Kanola

Har yau ban manta da wata safiyar Asabar ba, a ƙarshen watan Nuwamba, shekarata ta farko a gonar gwaji. A wannan safiya saura kaɗan a mayar da ni gida Najeriya, kuma ba wani ne ya ja mini ba, ƙafata ce. Abokan aiki da yawa sun ji labarin gutsi-gutsi a wajen shan shayi. Na ga ya kamata in rubuta shi gaba ɗaya yadda ya faru, musamman saboda waɗanda suka zo bayan Ammu Bakur ya bar aiki, ba su san shi ba.

Bari in fara da gonar, saboda wanda bai san irinta ba. Tana bayan garin Jidda, a wani kwari tsakanin duwatsu, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu a mota. Gonar gwaji ba don kasuwa ake noma ta ba. Masu ilimin noma ne suke kawo iri daga wasu ƙasashe su gwada, su ga wanne zai iya da zafin nan da ruwan rijiyar nan mai ɗan gishiri. Ana yanka fili fangali-fangali, kowanne da ƙaramin allo mai lamba. Abin da aka yi wa fangali ɗaya shi za a yi wa ɗan'uwansa, ba ƙari ba ragi. In ba haka ba, in an ga bambanci a ƙarshe, ba za a san ko daga abin da ake gwadawa ne ko daga hannun ma'aikaci ba. Wannan ƙa'ida ita ce gindin aikin, amma ni a lokacin ban gane ta ba.

Shugaban gonar shi ne mudir, shi ke sa hannu a takardun ma'aikata. A ƙarƙashinsa akwai daktoci, kowanne da gwajinsa. Sai muraƙib, wato mai kula da leburori a fili. Sai mu leburori, waɗanda wani kamfani a Jidda ya ɗauko ya turo gonar. Kamfanin ne kafilinmu, wato mai ɗauke da alhakin zamanmu a ƙasar, amma ba ya sabunta wa mutum iƙama, takardar izinin zama, sai mudir ya rubuta cewa yana bukatarsa. In mudir ya ce ba ya so, abin da ke biyo baya shi ne huruj, takardar fita daga ƙasa. Tawa iƙamar saura wata ɗaya da rabi ta ƙare. Kafin in same ta na yi shekara shida ina wankin mota a unguwar Sharafiyya ba takarda, kullum ina waige, har sai da na koma gida na dawo da bizar aiki. Matata da 'ya'yana uku suna unguwar Waziriyya a cikin Jidda, a ɗaki biyu. Ranar Alhamis da yamma motar gona take kai mu gari, Asabar da asuba ta dawo da mu.

Muraƙib ɗinmu shi ne Ammu Bakur, wato Baffa Bakur da Larabci. A unguwar Nuzla, nan cikin Jidda, aka haife shi. Mahaifinsa mutumin ƙasar Haɗeja ne, ya zo aikin Hajji a ƙafa, bai koma ba, ya ƙare rayuwarsa yana noman gero a kwarurrukan kudancin Jidda duk shekarar da ambaliya ta sauko. Ammu Bakur gajere ne, ya haura sittin, kullum da zane ɗaure a ƙugu da malafar Yamanawa a ka. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, tana gauraye da Larabci. Bai yi makarantar noma ba. Amma kowace safiya, kafin ya sha shayi, sai ya zagaya filin kaf, ya ɗebi ƙasa ya matsa a tafin hannu, wani lokaci ya ɗora a harshe don ya ji gishiri. Daktoci da kansu sukan tambaye shi kafin su zaɓi fili.

A wannan shekara wani ɗan Sudan, Daktur Haidar, ya kawo irin kanola. Kanola tsiro ne dangin kabeji, ana matsar mai daga 'ya'yansa. Amfanin ƙasashen sanyi ne, shi ya sa a nan ba a shuka shi sai zafi ya sauka. In kuma aka makara, zafin watan Maris zai tarar da shi yana fure ya ƙone shi. Irin baƙi ne, zagayayye, bai kai ƙwayar gero ba. Gwajin Daktur na taki ne: iri ɗaya, shuka ɗaya, ruwa ɗaya, taki kawai zai bambanta. Ya zo da irin a cikin ƙananan ambulan, an auna, ɗaya don kowane fangali. Abin da ya rage a gwangwani bai wuce na fangali biyu ba.

Mu huɗu ne masu shuka. Ammu Bakur ya tara mu ya nuna mana. Ya ja igiya, ya ɗauki kara ya zana layi a ƙasa, ɗan zane kawai, ya barbaɗa iri, ya shafa ƙasa a kai da tafin hannu kamar mai shafa kan jariri.

"Gaɓar yatsa ɗaya," ya ce. "Kada ya wuce. Kun fahimta?"

Muka ce mun fahimta.

An ba kowannenmu jerin fangali takwas. Kowane jeri ya taso daga bakin kwari, inda ƙasa take da laushi kamar gari, lakar da ambaliya ta ajiye, ya nufi gindin dutse, inda ƙasa ta koma rairayi. Na shuka fangalina na farko yadda aka nuna, Ammu Bakur yana tsaye a kaina. Sai aka aiko kiransa, injin rijiya ya tsaya. Ya tafi, Daktur ya bi shi.

Na tsaya ina duban abin da na yi, raina bai kwanta ba. Ni ɗan manomi ne, daga wani ƙauye kusa da Maigatari. Tun ina bin mahaifina a baya da ƙoƙon iri, shukar da na sani ɗaya ce: a sara rami da sungumi, a jefa iri, a tura ƙasa da gefen ƙafa, a taka da diddige. A garinmu wanda bai taka shukarsa ba malalaci ne. Tururuwa da tsuntsu za su kwashe masa iri, rana ta busar da sauran. Ga iri an kawo daga wata duniya, an yaɓa shi a saman ƙasa kamar wanda ya zube daga buhu. Na ce a raina, mutanen nan masu ilimi ne, amma ba su taɓa kwana da yunwa don shuka ta ƙi ba.

Na ɗauki fartanya na zurfafa layin, na zuba iri, na rufe da ƙafa, na bi ina takawa. Fangali bakwai na yi wa haka. Na ma riga sauran gamawa. Ba ha'inci na nufa ba. A ganina gyara na yi musu, har ina jiran ranar da za a tambayi wanda ya shuka jerin nan da ya fi kowanne kyau. Da yamma Shafiƙ, mai ba da ruwa, mutumin Bangaladash, ya buɗe famfunan feshi, ruwa ya sauka a kan filin kamar yayyafi.

Ranar Asabar muka yi shukar. Ranar Laraba fangalin mutane suka fara nuna ɗan kore-kore a layi. Ranar Alhamis ana iya ganin ganye biyu-biyu, ƙanana, a buɗe. Nawa na farko ya fito tare da su. Biyar da ke binsa kuwa shiru. Ƙasarsu ta yi santsi, ta yi fari-fari, tana ƙyalli in rana ta doke ta. Ban ƙarasa gindin dutse na duba sauran biyun ba, mota tana jira. Na gaya wa kaina cewa shuka mai zurfi tana jinkiri amma tana fitowa da ƙarfi. Ranar Juma'a a gida matata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, don na tura kwanon abinci gefe. Na ce gajiya ce.

Asabar da safe, kwana bakwai da shuka, Mudir ya zo fili tare da Daktur Haidar. Mudir ba mugu ba ne, amma yana da saurin yanke hukunci, kuma ba ya son tsayuwa a rana. Filin duk ya yi kore, sai fangali biyar a tsakiya, a jere, fari fat.

"Wa ya shuka nan?" ya tambaya.

"Isiyaku," in ji Ammu Bakur. "Ina tsaye ya shuka na farkon. Ga shi ya fito."

"To ba shuka ba ce, ruwa ne."

Aka kira Shafiƙ. Akwai bututun feshi ɗaya da ke bin gefen jerina, Mudir ya nuna shi da makullin motarsa.

"Ka bar famfon nan a buɗe ka tafi ka yi barci. Dubi ƙasa, ta zama siminti."

Shafiƙ ya rantse cewa lokacin da aka rubuta masa shi ya bayar. Larabcinsa ba shi da yawa, in ya tsorata kuma sai ya ƙare gaba ɗaya. Ya tsaya yana maimaita, "Wallahi Mudir, sawa-sawa, kullu sawa-sawa," wato duka ruwa ɗaya ya ba su.

"Halas, magana ta ƙare," in ji Mudir. "Haɗa kayanka, gobe ka koma kamfani."

Ina tsaye a gefe, hannu a baya. Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauki alƙalami: na ji sanyi a raina. Na san Shafiƙ yana da mata da uwa a ƙasarsu. Amma nawa suna nan Waziriyya, tafiyar sa'a ɗaya, kuma su na fara tunawa.

Ammu Bakur kuwa ya durƙusa a bakin fangali na uku, ya sa farce ya ɓanɓaro saman ƙasa. Ta taso a dunƙule kamar tsingaron tukunya. Ya ci gaba da tonawa da yatsa a hankali, har yatsan ya nutse gaba ɗaya. Sannan ya kwantar da kansa kusa da ƙasa, ya dubi tsawon layin ta wajen da rana ke fitowa. Mudir da Daktur sun juya sun nufi mota. Sai ya kira ni da Hausa, wadda a wurin babu mai jinta sai ni da shi.

"Isiyaku, ta'al. Zo ka durƙusa nan."

Na durƙusa. A cikin ramin da ya tona akwai 'yan tsirrai, farare, sirara kamar zare. Sun taso sun doki ɓawon ƙasa, sun lanƙwashe, suna bin ƙarƙashinsa a kwance suna neman mafita.

"Suna da rai," ya ce. "To ɗaga ido ka dubi layin. Me ka gani?"

"Ƙasa ta yi ɓawo, Ammu."

"Ɓawo ni ma na gani. 'Yan kwarin nan fa da ke jere, kowanne girman diddige? Ruwa ba ya tafiya da ƙafa. Mutanen Shafiƙ a cikin ruwa suke dasa shinkafa, ba su san taka shuka ba. Wannan tafiyar a bayan ubana na santa."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ni na tsaya maka yanzu a gaban Mudir, na ce na ga shukarka. Fangali ɗaya na gani, ashe." Bai ɗaga murya ba. "Ba zan tsaya a kori mai ruwa a kan abin da na san ba shi ya yi ba. Amma na fi son maganar ta fito daga bakinka. Ga shi can yana tafiya. In ya buɗe ƙofar mota ba ka yi magana ba, ni zan yi."

Tsakanina da motar bai fi taki talatin ba. Ban san yadda na yi su ba. Na iske Mudir hannunsa a kan ƙofa, na ce da Larabci, "Ya Mudir, tal umrak, ranka ya daɗe, ba ruwa ba ne. Ni ne." Na faɗi abin da na yi, daga fartanya har diddige.

"An nuna maka yadda za ka yi?"

"An nuna mini."

"Ka fahimta?"

"Na fahimta."

"To me ya sa?"

"Na ɗauka tawa ta fi."

Daktur Haidar ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba ce, ya dafe goshi. Mudir ya ɗaga wa Shafiƙ hannu, ya ce ya koma bakin aikinsa. Sannan ya dube ni.

"Kai ne za ka koma kamfani."

A nan Ammu Bakur ya iso, yana karkaɗe gwiwa. Ya roƙe su su taka zuwa gindin dutse kafin su tafi. Mudir ya dubi agogo. Amma Ammu Bakur ya riga shi zuwa gonar da shekaru masu yawa, kuma ba mai yawan roƙo ba ne. Muka tafi mu huɗu.

A can, inda ƙasa ta koma rairayi, abin ya juye. Fangalin sauran masu shuka sun fito da giɓi-giɓi, nan tsiro, can babu. Nawa biyu na ƙarshe kuwa sun fito cif, layi a cike. Ni kaina ban san haka ba sai a lokacin.

"Shuf, duba nan, ya Daktur," in ji Ammu Bakur, ya ɗebi rairayi ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsunsa. "Nan saman ƙasa yana bushewa kafin azahar. Irin da ke sama ya sha ruwa, ya fara tsiro, rana ta yi, ya mutu. Nasa yana ƙasa inda danshi yake, kuma ƙafa ta manna masa ƙasa a jiki. Rairayi ba ya yin ɓawo. Irin ƙasar garinsu ke nan. Abin da ya yi daidai ne a nan. Can ne ba daidai ba."

Daktur ya tsuguna, ya auna taƙi ɗaya da hannu, ya ƙirga tsirran da ke ciki. Ya koma fangalin maƙwabcina ya yi haka. Ya ɗago ya dube ni.

"Ya zol, bawan Allah, ka kashe mini biyar, ka rayar mini da biyu. Ban san ko in zage ka ko in ba ka shayi ba." Sai ya daina murmushi. "Amma ni taki nake gwadawa, ba zurfi ba. Fangali biyar babu komai, irin da ya rage na biyu ne. Kafin a aiko mini wani, lokaci ya wuce. Shekara guda ke nan ta tafi."

"Biyar ɗin ba su mutu ba tukuna," in ji Ammu Bakur. "Suna da kwana biyu ko uku. A ba ni shi kwana uku. Wanda ya binne su shi zai tono su."

Mudir ya dubi Ammu Bakur. "Ranar Talata zan dawo. In fangalin nan ba su yi kore ba, takardar korarsa tana kan teburina."

Ga yadda aka yi aikin, don wanda wata rana zai tarar da irin wannan. Ammu Bakur ya samo guntun katako, ya kafa masa ƙananan ƙusoshi a jere, tsininsu bai wuce rabin gaɓar yatsa ba. Ya hana a buɗe famfon feshi a kan fangalin nan, don ɗigon feshi yana da nauyi, shi ke ƙara danne ƙasa. Sai da butar ban ruwa mai rariya a baki. A yayyafa kaɗan, a jira ɓawon ya yi taushi, a ɗora katakon a kan layi, a danna a hankali har ƙasa ta tsage, a ɗaga, a matsa gaba. Ba a ja, ba a karta, don wuyan tsiro yana nan ƙarƙashi. Bayan haka kada a bar saman ya sake bushewa: yayyafi da hantsi, da azahar, da la'asar. A kan gwiwa na yi aikin, layi bayan layi.

Rana ta farko ya zauna kusa da ni a kan kunyar fangali, ya tono tsiro ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa.

"Gero a tsaye yake fitowa, kamar allura, ya huda ƙasa ya wuce," ya ce. "Wannan da wuya yake fitowa, a lanƙwashe, yana jan kansa a baya. Guzurinsa kuma gwargwadon ƙwayarsa ne, ka dai ga girmanta. In hanya ta yi nisa, ko ya tarar da ƙofa a rufe, guzuri zai ƙare masa a hanya. Kai ka haɗa masa duka biyun. Lakar nan kuwa, ka danne ta, ruwa ya doke ta, rana ta gasa ta, ai tukunya ka gina."

"Ban sani ba, Ammu."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani ka yi, da ban roƙa maka kwana uku ba."

Ruwan butar daga tanki ake ɗebo shi, da ɗan nisa. Da azahar na ɗago kai sai na ga Shafiƙ da bokiti biyu, ya ajiye a bakin fangali. Ban roƙe shi ba, kuma na kasa haɗa ido da shi. Ya nuna ƙafata, ya girgiza kai.

"Abu Rijil," ya ce, wato mai ƙafa. "Hannu kuwayyis, ƙafa mushkila." Wato hannu yana da kyau, ƙafa ce matsala. Kalmar hannu da ƙafa a wurina ya koye su, ya mayar mini da su a ranar. Kwana ukun nan shi ya yi ta kawo ruwan, kuma sunan ya bi ni. Har yau akwai tsofaffin ma'aikata da ba su san Isiyaku ba sai Abu Rijil.

Ranar Lahadi da yamma na fara ganin 'yan wuyoyi suna leƙowa ta tsagar ƙasa, rawaya-rawaya. Ranar Litinin wasu suka buɗe ganye. Ranar Talata fangali uku sun yi kore, ba cif ba, amma Daktur ya ƙirga ya ce za su yi. Biyu da suka fi kusa da bakin kwari, inda lakar ta fi laushi, ba su fito ba sai ɗai-ɗai. Da na tona na tarar tsirran sun yi baƙi.

Mudir ya zo, ya tsaya a bakin fili bai shiga ba.

"Uku cikin biyar," ya ce. "Ni biyar na ce."

Ya juya ya nufi ofis. Ammu Bakur ya bi shi, ya yi mini alama in biyo. Na tsaya a bakin ƙofa. Takardata tana kan tebur kamar yadda ya faɗa. A lokacin ban iya karatu ba, amma na ga hotona a manne a kanta. Daktur ya ce irin da ya rage zai rufe fangali biyun, za su makara da kwana goma, zai rubuta haka a littafinsa. Mudir ya ce wannan ba shi ne damuwarsa ba. Damuwarsa mutum ne da za a nuna masa abu, ya ce ya fahimta, a juya baya ya yi nasa.

Ammu Bakur ya cire malafa ya riƙe a hannu.

"Gaskiya ne, tal umrak. Amma rabin laifin nawa ne, a rubuta. Na san manomin gero ne. Na san yadda suke shuka, don a gidanmu haka ake yi. Na gaya masa gaɓar yatsa ɗaya, ban gaya masa dalili ba. Na tsaya masa fangali ɗaya na tafi wajen inji. Manomi in ba ka ba shi dalili ba, zai koma kan dalilin ubansa."

"Sai in bar shi don ubansa manomi ne?"

"A'a. In ka kore shi kamfani zai aiko wani. Shi ma zai zo da shukar garinsu a jikinsa, ba za mu san wace iri ba ce sai ranar da ta ɓata mana fili. Wannan mun ga tasa. Kuma da ya yi shiru ranar Asabar, da yanzu mai ruwa ne a kan hanya."

Bai faɗi cewa shi ya ba ni wa'adin in yi magana kafin Mudir ya buɗe ƙofar mota ba. Na buɗe baki zan faɗa, ya dube ni, na rufe.

"Kana tsaya masa?" in ji Mudir.

"Ina tsaya masa."

"In ya sake fa?"

"In ya sake, ka rubuta takarda biyu, tasa da tawa."

Mudir ya daɗe yana juya biro a hannu. Sannan ya ce za a sa mini takardar gargaɗi a fayil, ta farko kuma ta ƙarshe. Ya jawo wata takarda daga aljihun tebur, ta neman sabunta iƙama, ya sa hannu.

Da muka fito na fara, "Ammu, Allah ya saka..."

"Amin. Yalla, ɗauko igiya, rana tana yi."

A ranar na sake shuka fangali biyun. Ya tsaya a kaina daga layin farko har na ƙarshe, ko da aka aiko kiransa bai tafi ba. Sun fito da kyau, amma zafi ya tarar da su suna fure, ba su ba da abin kirki ba. Daktur ya cire su daga lissafin gwajinsa. Sauran filin ya yi fure rawaya har ana ganinsa daga kan titi. Wannan asarar tawa ce, ban taɓa cewa ba tawa ba ce.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, babu shuka ɗaya da ta dace da kowace ƙasa, ko da a cikin fili ɗaya ne. Kafin ka buɗe ambulan iri, ka durƙusa ka taɓa ƙasar. Laka ce ko rairayi, tana riƙe danshi ko tana saki, za ta yi ɓawo ko ba za ta yi ba. In tsiro bai fito ba, kada ka tsaya daga nesa ka nemi mai laifi, ka tona ka gani, amsar tana ƙasa da yatsa ɗaya. A kan mutane kuma, na yi aiki da shugabanni da yawa. Wasu suna rufa wa na ƙasa asiri da ƙarya, wasu suna faɗin gaskiya su bar shi ya faɗi. Ammu Bakur kaɗai na gani ya ƙi yin ƙarya domina, kuma ya ƙi sakina.

Yanzu ni ke karɓar sababbin leburori a fili. Duk wanda ya zo, daga Sudan ne ko Bangaladash ko gida, ba na fara nuna masa komai. Ina kai shi gefen fili inda ba gwaji, in ba shi ɗan tsaba a hannu, in ce ya shuka mini layi ɗaya yadda ake yi a garinsu. In tsaya in kalli hannunsa da ƙafarsa har ya gama. Sai bayan nan nake gaya masa yadda muke yi a nan, da dalilin da ya sa.